Girki Ba Wuta

Shekara goma sha bakwai ke nan da aurenmu, kuma a tsawon waɗannan shekaru ban taɓa ganin Sallah ta zo ba tare da uwargidana ta yi kwana biyu a gaban kaskon suya ba. Alkaki da nakiya da dubulan da cincin duk ita ke yi, ta ƙuƙƙulla, ta aika wa maƙwabtanmu Yarabawa da 'yan'uwa mazauna Sabo, har ya zama a rukunin gidajen malamai inda muke zaune a Ibadan, ƙamshin man gyaɗa daga tagarmu shi ke sanar da mutane cewa biki ya ƙarato. A shekarar 2022 likita ya auna jininta da safe kafin ta karya kumallo, ya sake aunawa wata rana daban, duka biyun ya tarar sukarin ya haura 126, wato iyakar da likitoci suka yanke wadda daga ita ake kiran abin ciwon sukari. Ta karɓi hukuncin ba gardama. Ta bar sukari a shayi, ta rage malmalar tuwo, ta sayi ɗan littafi tana rubuta awon jininta. Suyar Sallah kuwa ba ta fasa ba. Abin da ya sauya kawai shi ne, da can takan gutsuri alkaki na farko ta ji ko zuma ta ratsa shi, yanzu kuwa sai ta kira 'yarmu ta fari ta miƙa mata, ta tsaya tana kallon bakinta.

Ni da nake cin abinci da koya wa ɗalibai yadda ake lura da ƙananan alamu a cikin ƙagaggen labari, sai da aka yi Sallah uku wannan abu yana faruwa a gabana ban gani ba. A Babbar Sallar 2023 na gani, kuma wannan tsayuwa tata ta zauna mini a rai wata da watanni. Ba ta taɓa kawo kuka ba, wanda shi ya fi damuna, domin da ta yi ƙorafi da na samu abin lallashi.

Ana cikin haka na tuno da wata tsohuwa da na yi haya a gidanta a birnin Madison na jihar Wisconsin a Amurka, a shekarar 2011, lokacin da na je taimakawa wajen koyar da Hausa ina kuma tattara kayan digirina na uku. Ta haura shekara tamanin a lokacin, kuma duk ranar Asabar da yamma takan haɗa wani kek wanda ba ya ganin tanda. Takan buga kirim ɗin madara har ya kumbura ya yi kauri, ta shafa shi tsakanin siraran biskit masu cakulan, ta jera su a faranti, ta lulluɓe da sauran kirim ɗin, ta tura cikin firji ta tafi ta kwanta. Kafin gari ya waye biskit ɗin ya tsotse danshin kirim ya yi laushi, in an yanka sai ka rantse gasa shi aka yi. Sunan da Amurkawa ke kiransa da shi ma'anarsa ita ce kek ɗin akwatin ƙanƙara.

Da na tambaye ta mene ne akwatin ƙanƙara, sai ta ba ni labarin ƙuruciyarta. Kafin firji mai aiki da lantarki ya game gidaje, abin da mutanen ƙasar ke da shi wani kabad ne na katako mai rufin kwano daga ciki, a sa ƙaton dunƙulen ƙanƙara a sama, abinci a ƙasa, da tasa a can gindi tana tarar ruwan da ke narkewa. Da hunturu ake yanko ƙanƙarar da zarto daga tafkunan da suka daskare, a adana ta cikin dussar katako har lokacin zafi. Mai tallan ƙanƙara yana zagayawa da keken doki, uwar gida kuwa ta kafa wani kwali a taga mai lambobi 25 da 50 da 75 da 100, wanda ta juyo sama shi ne nauyin da take so a shigo mata da shi. Daga baya na karanta cewa sana'ar ta yi girman da wani ɗan kasuwar Boston, Frederic Tudor, ya yi lodin ƙanƙara a jirgin ruwa zuwa tsibirin Martinique a 1806, a 1833 kuma ya kai ta har Kalkata ta ƙasar Indiya. Shi kek ɗin ya yaɗu ne wajejen 1930, sa'ad da kamfanin Nabisco ya riƙa buga yadda ake haɗa shi a jikin kwalin biskit ɗinsa, biskit ɗin da aka daina yi a 2023. Mutanen Filifin ma suna da irin nasu, wanda suke yi da mangwaro da madarar gwangwani mai zaƙi.

To, a nan ne lissafi ya shigo, ni kuwa tun daga sakandare ba ma ga maciji da shi. Kowane giram na mai yana ɗauke da kalori 9, na sukari kuwa 4. Kirim ɗin da tsohuwar ke bugawa, giram 100 nasa ya kai kalori 340, alhali kindirmo mai wannan nauyi bai wuce 60 da 'yan kai ba. Saboda haka na yanke shawarar kindirmo zai maye gurbin kirim, nunanniyar ayaba da mangwaro su maye gurbin sukari, biskit kuma a nemi marar zaƙi sosai a rage yawansa. Na kai wa likitanta wannan tsari ina jin kaina kamar wanda ya gano wani sabon magani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tuna mini cewa rage kalori daban, rage sukari daban: ayaba da mangwaro suna da nasu sukarin, biskit kuwa fulawa ce, kuma fulawa sukari take komawa a jini. Ya ce yanka ɗaya ƙarami, bayan an ci abinci, ranar biki, ta kuma auna jininta bayan awa biyu. Na fito jikina a sanyaye, amma dai bai hana ba.

Cikin azumin 2024 na fara gwaji, da dare bayan asham, ni da 'yata, bisa sharaɗin ba za ta gaya wa mahaifiyarta abin da muke ƙullawa ba. Rabona da yin wani abu a ɗakin girki wanda ya wuce dafa ruwan shayi tun ina gwauro, don haka ita ce malama, ni ne ɗalibi. Kindirmon daga wata Bafulatana muke saye a Sabo, wadda na tabbatar tana tafasa madararta kafin ta kwantar. Mukan juye shi a farin ƙyalle mai tsabta, mu ɗaure bakin, mu rataye a kan kwano cikin firji ya kwana yana tsiyaya, da safe a same shi da kauri har cokali ya tsaya a ciki.

Gwajin farko dutse muka samu. Na yi gaggawa na jefa shi ɓangaren daskarewa da zarar mun gama jerawa, ashe ruwan da ya daskare ba ya ratsa biskit, sai ga biskit yana nan ƙarau, kindirmon kuwa ya zama ƙanƙara mai yashi-yashi a baki. A nan na fahimci aikin da mai da sukari ke yi wanda ba na ɗanɗano ba ne: su ne ke hana ruwan da ke ciki haɗuwa ya zama manyan ƙwayoyin ƙanƙara, kuma duk wanda ya cire su sai ya biya wani abu a madadinsu. Abin da muka biya shi ne lokaci. Sai kek ɗin ya yi awa shida ko fiye a sanyin firji na ƙasa har biskit ya jiƙa, sannan a daskarar da shi, in za a ci kuma a fitar da shi kamar minti 20 kafin a sa wuƙa. Ayaba da aka dama ta yi sumul ita ma tana rage taurin. A gwaji na uku 'yata ta ɗanɗana ta ce, "Baba, wannan kam ana iya ba mutum." Daga bakinta wannan babban yabo ne.

Sallah ta kama Laraba, 10 ga Afrilu. Ranar Talata da hantsi muka shimfiɗa leda a cikin roba mai murfi, muka zuba haɗin kindirmo da ayaba da ɗan garin kirfa, muka jera biskit, muka bi da yankakken mangwaro, muka maimaita sau ɗaya, muka rufe da sauran kindirmon. Ko awa guda bai yi a firji ba aka ɗauke wuta. Wanda ya san Ibadan a watan Afrilu ya san irin gumin da ake yi kafin ruwa ya sauka sosai. Azahar ta yi babu wuta, janaretanmu kuwa ƙarami ne, ba ya ɗaukar firji. Na zauna a falo da ƙishirwar azumi ina jin haushin kaina: na zaɓo girkin da ba ya bukatar wuta, na manta cewa a harshenmu kalmar tana da ma'ana biyu, kuma ta biyun ce ba mu da iko a kanta.

'Yata ce ta ce, "Baba, ita tsohuwar taka da tana yarinya ai ka ce ba su da firji." Ban ba ta amsa ba, na ɗauki makullin mota. A wajen masu sayar da ƙanƙara ga 'yan ruwan leda na samu manyan dunƙule biyu, a kan kuɗin da na san na jajibirin Sallah ne, na kuma biya kasuwa na auno gishiri mai tsakuwa. Muka ɗauko kular da muke tafiya Kano da ita, muka sa dunƙule ɗaya da robar kek a gefensa, muka rufe, muka lulluɓe da bargo. Wannan ya ba mu sanyin da biskit ke bukata ya jiƙa. Bayan sallar isha'i muka farfasa ɗayan da taɓarya, muka cuɗa shi da gishiri, kashi ɗaya na gishiri ga kashi uku na ƙanƙara, muka binne robar a ciki bayan mun naɗe ta da leda biyu don kada ruwan gishiri ya shiga. Gishiri yana tilasta wa ƙanƙara narkewa, narkewar kuma tana zuƙe zafin abin da ke kusa, har sanyin ya gangara wajen digiri 20 ƙasa da sifiri. Da haka Amurkawa ke daskarar da madararsu tun kafin a san lantarki a gidaje. Duk wannan kai da kawo a bayan gida muke yi, uwargida tana can gaban kasko, ta ga muna wucewa da taɓarya da bargo ba ta ce uffan ba.

Da muka sauko daga Idi aka ci tuwo da miyar taushe, sai na tone robar da hannuna, yatsuna suna zafi don sanyi. Ya daskare, sai dai gefe ɗaya ya ɗan zauna. Na jira mintunan nan ashirin ina duban agogo kamar ranar da na kare kundin digirina, sannan na yanka, layin mangwaro da na biskit suka fito a jere. Na sa yanka ɗaya a ƙaramin faranti na ajiye a gabanta, na zayyana mata abin da ke ciki da abin da likita ya ce, har da batun awa biyu.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta juya wajen 'yarmu, na ga hannunta ya fara miƙa farantin yadda ya saba, sai yarinyar ta ɓoye nata hannuwan a baya. Ta ɗauki cokali ta ci, ta sake ci, ba ta ɗago ba har ta cinye. Sannan ta ce, "Malam, ayabar ta yi yawa, ta danne mangwaron. Kuma kindirmon da ka bar shi ya ƙara tsiyaya." Na ce na ji. Ta ce ai tun daren farko ta ga farin ƙyallenta na tatar koko ya ɓace.

Bayan awa biyu ta ɗauko na'urarta ta huda yatsa, ta duba, ta rubuta a ɗan littafinta, ta nuna mini lambar, kuma ba ta fita daga abin da likita ya yarda da shi ba. A ƙasan lambar na ga ta rubuta yawan biskit da na ayaba, ta ja layi a kan ayabar ta rage rabi. Ta rufe littafin ta ce, "In Allah ya kai mu Babbar Sallah, kai dai ka nemo ƙanƙara da gishiri, sauran ka bar mini."