Sendai, Garin Likita Kasai

Daga Tokiyo zuwa Sendai awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa mai sauri. Birnin itatuwa ake yi wa garin kirari, kuma a titin Jozenji na ga dalili, don rassa sun haɗe a sama, inuwa har ƙarshen layi. Ban tsaya ba, asibitin Jami'ar Tohoku na nufa.

A wannan jami'a likita Morio Kasai ya yi aiki. A 1959 ya bayyana tiyatar da har yau ake kira da sunansa, domin jariran da hanyar ruwan matsarmama ta toshe musu. Irin wannan jariri idonsa kan yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, kashinsa ya koɗe kamar farar ƙasa. Kasai ya yanke toshasshiyar hanyar, ya ɗinke hanji a bakin hanta, ruwan ya sami mafita. An fi samun nasara idan an yi kafin jariri ya cika wata 2.

Sai dai hanji gidan ƙwayoyin cuta ne. Ƙofar da aka buɗe wa ruwan ɗacin, ta nan su ma suke bi su hau cikin hanta, musamman a shekarar farko bayan tiyata. Zazzaɓi ya zo, shawarar da ta washe ta dawo, kashi ya sake fari. Dole a kwantar da yaron a ba shi magani ta jijiya. In ciwon ya yi ta maimaituwa hanta na tabo, wani yaron sai an yi masa dashe.

A wurin jira na zauna kusa da wata uwa, jaririnta na barci a ƙirjinta. Ta buɗe littafin lafiyar uwa da ɗa da ake bai wa kowace mai ciki a Japan. Tun 2012 akwai katin launukan kashin jarirai a cikinsa, daga fari-fat zuwa rawaya mai duhu, uwa na gwada shi da abin da ta gani a ƙunzugu. Raina ya koma gida, inda kowane zafin jiki sai mu ce na sauro ne, shawara kuma a nufi saiwa da sassaƙe. Ga yaron da aka yi wa wannan tiyata, jinkirin kwana biyu ma yana da yawa.

Aka kira lambarta. Ta taɓa goshin yaron da bayan hannu, ta mayar da littafin jaka, ta miƙe.