Lissafin da ke cikin rigar ƴar tsana

Iyaye da yawa a nan Kanan Bakashe suna ɗaukar wasan ƴar tsana a matsayin ɓata lokaci. Da zarar yarinya ta kai shekara tara ko goma sai a ce ta girma, a ƙwace ƴar tsanar a ɗora mata tallar gyaɗa. Ni da na daɗe ina koyarwa a firamare ina ganin asara ce muke yi, domin lissafin da ke gagarar ƴan mata a kan allo yana nan ɗungurungum cikin rigar ƴar tsana.

Ɗinkin da na fi so in koya wa ƴan ajin CM1 shi ne riga mai ɗamara a sama, wadda ake tsuke ta daga ƙarƙashin ƙirji, sauran ya sauka a buɗe. Yayi ne da ya shahara a Faransa a farkon shekarun 1800, zamanin Napoleon, amma ba don haka na zaɓe shi ba. Ƴar tsana, ta roba ce daga kasuwar Tasawa ko ta kara da ƙyalle, ba ta da ƙugun kirki. Idan ɗamara ta koma sama, wuri ɗaya kawai za a auna da kyau, ƙirji.

Ga yadda muke yi da ƴar tsana mai tsawon santimita 30. Mu zagaya ƙirjinta da zare daga ƙarƙashin hammata, mu shimfiɗa zaren a kan abin awo, a ce mun samu 16. Mu ƙara 2 don kada ta matse, 18 ke nan. Gaban riga rabi ne, wato 9. Sai mu ninka takardar buhun siminti biyu mu zana huɗu da rabi kawai, da rabin wuya da hammata ɗaya. In an yanka aka buɗe, dama da hagu sun fito daidai. Baya kuwa gida biyu ne, kowanne da ƙarin santimita ɗaya na maɓalli, saboda kan ƴar tsana babba ne, hannunta kuma ba ya lanƙwasuwa. Ƙasan riga faɗinsa ninki biyu ne na ƙirji, 36, a bi bakinsa da dogon ɗinki a ja zaren har tattarar ta dawo 18. Kowane gefe a bar rabin santimita na cin allura. A ƙarshe a yi kalmasa.

Ku duba abin da yarinya ta yi cikin awa biyu: kewaye, tarawa, rabi, rabin rabi, ninki. Akwai wata da ba ta taɓa ɗaga hannu a darasin lissafi ba, amma ita ce ta tsayar da ƙawarta ta ce, «Ke, in kika yanka a kan zanen, da me za ki ɗinka?» Ta gane cin allura tun kafin in faɗa. Ƙyalle ba ya yi wa kowa kara, in awo ya kauce riga ba ta shiga, yarinya kuma ta gani da idonta ba sai na ja mata jan biro ba.

A watan Disamba 2017 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar kare karatun ƴa mace. Doka tana da amfaninta, amma yarinyar da ta yanke wa kanta hukuncin cewa ba ta da kan boko, ba takarda ce za ta riƙe ta a aji ba. Sai ta ga wani abu ya fito daidai daga hannunta.

Malamai, darasin aikin hannu yana cikin tsarin karatunmu, kada mu mayar da shi lokacin sharar fili kaɗai. Mu sa yara maza su ma, ai telolin kasuwannin Mayahi da Maraɗi galibinsu maza ne. Iyaye kuma, kayan ba su da tsada: allura, zare, almakashi, da guntayen atamfa da tela ke sharewa kowace yamma. In ɗiyarku ta kawo muku rigar ƴar tsanarta, kada ku tsaya ga cewa ta yi kyau. Ku tambaye ta santimita nawa ta auna, kuma don me.