Daga Fot Sudan zuwa Sawakin a Jirgin da Muke Kwana Ciki

Yara manyan gobe, kun taɓa ganin gidan da yake tafiya? Mu dai mun zauna a irinsa wata 3, kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023. Ƙaramin jirgin ruwa ne mai tafiya da iska, wanda mai shi ya bar wa Baba amana a Fot Sudan. Mu biyar ne a ciki: Baba, Inna da mu 'ya'yansu uku. Ciki muke girki a kan risho, ciki muke karatu da barci.

Abu na farko da teku ya koya mana shi ne tattalin ruwa. Ga ruwa iya ganinka, amma duk gishiri ne. Na sha yana cikin jarkoki, kuma Inna ce mai rabo. Da ruwan teku muke wanke kwanuka, sannan a ɗauraye da kofi guda na jarka.

Wata rana bayan sallar asuba muka ɗaga anga, muka nufi Sawakin, tafiyar kusan kilomita 60 zuwa kudu. Iskar arewa ce ke tura mu, kamar yadda ta saba a wannan yanki na Bahar Maliya. Haɗarin hanyar shi ne duwatsun murjani da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa. Baba ya koya mana gane su da launi: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore ba zurfi, ruwan ƙasa kuwa dutse ne dab da sama. Ana ganin haka ne idan rana ta ɗaga. Saboda haka muka riƙa tsayawa a goshin jirgi bi da bi.

Wajen azahar iska ta lafa, mu manyan biyu muka gaji, muka koma inuwa muna hira. Autanmu mai shekara 9 kaɗai ya rage a gaba. Sai muka ji ihunsa:

"Baba, ruwan ƙasa! Ga shi nan ta dama!"

Baba bai tsaya tambaya ba, ya karkata jirgin hagu. Muka wuce muna kallon dutsen da idonmu, tazararmu da shi ba ta fi tsawon tabarma biyu ba. Da mun hau shi, da gidanmu ne ya fashe. Baba ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta." Mu kuwa kunya ta hana mu ɗaga kai.

Da la'asar muka bi siririn mashigi muka isa Sawakin. Tsohon garin yana kan tsibiri, gidajensa da dutsen murjani aka gina su. Yawancinsu sun rushe, don tun da aka kafa Fot Sudan a 1905 ciniki ya koma can. Inna ta nuna mana arewa maso gabas, ta ce Jidda na can ƙetare. Ta nan maniyyata da yawa daga ƙasar Hausa suka riƙa hayewa bayan doguwar tafiyar ƙafa, wasu kuma suka zauna a Sudan, kamar kakanninmu.

A daren nan Inna ta soya kifi, ta ɗauki mafi girma ta miƙa wa Auta. Ba wanda ya ce uffan.