Inda Makulli Ke Kwana a Talin

A gidanmu na Zariya, makullin ƙofa a ƙarƙashin randa yake kwana, kuma duk unguwa ta san haka. Da wannan sabo na sauka Talin, babban birnin Estoniya, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 1.4 ba.

Abokina ya kai ni ofishinsu na masu rubuta manhaja. Can na tarar da wata injiniya ta cinye hantsi guda a kan layi ɗaya tak, layin da ke faɗa wa manhaja inda za ta ɗauko makullinta. Abin ya ɗaure min kai. Na ce, "Malama, duk wannan wahala a kan wurin ajiya?"

Ta jawo min kujera, ta nuna min fayil biyu. Na farko suna ce masa keystore, shi ne adakar da makullin sirri da takardar shaidar manhajar suke ciki. Na biyu truststore, jerin hukumomin da aka amince da sa hannunsu. Kafin manhajarsu ta gaisa da wata kwamfuta, kowa sai ya nuna shaidarsa. In aka kuskure harafi ɗaya a adireshin fayil, gaisuwar ta watse. In kuwa aka bar fayil ɗin keystore inda kowa ke kai hannu, baƙo zai sa rigarka ya shiga da sunanka. Shi ya sa ta keɓe masa wuri daban, wanda manhajar kaɗai ke iya buɗewa, kalmar sirrin kuma ta ajiye ta wani wurin. Ta ƙara da cewa jerin amintattun da ke zuwa da Java, harshen rubuta manhaja, kalmarsa ta asali ita ce changeit, wato "canza shi", amma da yawa haka suke barinta. Nan take randarmu ta faɗo min a rai.

Ashe tarbiyyar ƙasar ce baki ɗaya. Tun 2002 suke da katin shaida mai makulli a cikinsa, makullin da ba ya fita daga katin. Lambar sirri mai lambobi 4 ta shiga ce, mai lambobi 5 ta sa hannu. A 2005 suka fara zaɓe ta intanet. Da aka gano rauni a katunan a 2017, gwamnati ta dakatar da shaidar sama da 700,000 har sai da aka sabunta su.

Da daddare a masauki na zazzage walat ɗina. Ga katin banki, ga 'yar takardar da na rubuta lambarsa a naɗe a bayansa, shekara da shekaru suna kwana tare. Kullum ɓarayin intanet muke zagi, alhali in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Randarmu tana da maƙwabta masu ido a kanta. Walat ɗina ba shi da kowa. Na haddace lambar, na yayyaga takardar.