KYANWA BA TA DA ALJIHU

Na san kun saba ganina da labaran soyayya da rikicin kishiyoyi, to yau na ɗan ajiye wannan alƙalamin, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, wato maganar ɓarnar da dabba ke yi a gidan haya, da wanda ya kamata ya biya ranar da aka zo tashi. Wani zai ce ai wannan ƙaramar magana ce, to ni dai na ga ta raba mutanen da suka shekara uku suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Maigidana malamin makaranta ne, don haka rabin zaman aurena a gidajen haya na yi shi, duk inda aka tura shi nan muke ɗaure kaya mu bi. Abin da na lura da shi shi ne, ranar shiga gida kowa dariya yake yi, mai gidan haya yana cewa ai mun zama ɗaya, ɗan haya yana cewa Allah ya bar zumunci. Halin kowa ba ya fitowa sai ranar da aka ɗaga gado aka janye kujeru, aka ga abin da ke ƙasa.

A Jega muka fi daɗewa, a wani gida mai sassa huɗu na wata Hajiya da mijinta ya rasu, kuɗin hayar nan da su take ci, da su take sayen maganin hawan jini. Sashen da ke kusa da nawa ɗanta ne ya zauna a ciki kafin aiki ya mayar da shi Birnin Kebbi, ya tafi ya bar kafet shimfiɗe bango da bango, Hajiya ta ba da ɗakin haya a haka ga wani saurayi da zai yi aure. Ina cikin matan da suka share ɗakin ranar jere, don haka na ga kafet ɗin da idona: bakin ƙofa ya riga ya sule, ga kuma tabon dutsen guga na gawayi a kusa da taga.

Amaryar yarinya ce mai kirki, ta zo da 'yar kyanwarta daga gidansu. Kowa a gidan ya ji daɗin kyanwar nan, don kuwa tun da ta zo ɓeraye suka ƙaurace wa buhunan geronmu. Sai dai idan amarya za ta unguwa ko za ta kwana biyu a gidansu, kulle ta take yi a ɗaki da ɗan kwanon abinci. Da suka zo tashi bayan shekara uku, aka ɗaga gado, sai ga kusurwa guda ta yi baƙi ƙirin da fitsari, gefen kuma duk an yage shi da farce. Wanda ya taɓa kiwon kyanwa ya san fitsarinta ba ya tsayawa a sama, ratsa kafet yake yi har siminti ya sha, ko an wanke ya bushe, da damina ta faɗi ɗaki ya yi sanyi sai warin ya dawo sabo.

Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Wanga ɗaki ba haka na ba ku shi ba. Sabon kafet za ku saya mini, ko kuwa kaya ba su fita."

Angon ya ce, "Haba Hajiya, ni na yi? Mussa ce fa, dabba ce, kuma ita ke tsare miki gida daga ɓera. In ma biya ne, ai ke ya kamata ki biya ta."

Magana ta yi zafi har direban da ya zo kwasar kaya ya kashe mota ya nemi inuwa. Aka kira mai unguwa, ya zo tare da limamin masallacin layinmu, su kuma suka ce a nemo wanda ya ga ɗakin kafin a shiga. Nan fa aka ce ai ga Malama mai rubuta littafi. Wallahi sai da gabana ya faɗi, domin Hajiya tamkar uwa take a wurina, amarya kuma ta ɗauke ni yayarta. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, sulewar bakin ƙofa da ƙunar dutsen guga sun riga su zuwa. Ke kuma ƙanwata, kusurwar nan lafiya lau take ranar da muka share." Ranar duka biyun babu wadda ta amsa gaisuwata ta yamma, gaskiya ɗaci gare ta.

Abin da liman ya faɗa shi ne ya zauna mini a kai har yau. Ya ce a shari'ar Musulunci abin da ka karɓa haya amana ne a hannunka. Duk abin da ya tsufa ta hanyar amfani na yau da kullum, kamar fenti ya dushe ko kafet ya sule wajen taku, wannan ba a bin ɗan haya, don kuɗin hayar da yake biya na wannan ne, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma abin da ya lalace saboda sakaci ko wuce iyaka, wannan sai an biya. Ya kawo labarin raƙumar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, wanda ke cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, inda aka hukunta cewa tsaron gona da rana na masu gona ne, ɓarnar dare kuma tana kan masu dabba. Ya ce to wannan a fili ke nan, inda mai gona zai iya tsare gonarsa. Ɗakin da ka kulle da makullinka ka bar dabba a ciki, wa zai tsare shi in ba kai ba? Ya kuma ƙara da wani abin da yawancinmu ba mu sani ba, cewa a mazhabarmu ta Malikiyya fitsarin akuya da tunkiya ba najasa ba ne, amma na kyanwa najasa ne, don haka Hajiya tana da gaskiya da ta ce ba za ta ba wani ɗakin yana salla a kan wannan wuri ba.

Sai dai bai ba ta sabon kafet ba. Aka aika kasuwar Jega aka kira wani mai sayar da kafet da ledar ɗaki, ya duba, ya faɗi abin da tsohon zai yi a kasuwa da a ce kyanwa ba ta taɓa shi ba, angon ya biya wannan, ya kuma biya yaron da ya wanke simintin. Lissafin ba shi da wuya. A ce misali an sayi kafet N60,000, irin wanda kan yi shekara 6 kafin ya mutu, aka lalata shi yana da shekara 4. Abin da mai shi ya yi asara shi ne shekara 2 da suka rage, wato N20,000. Idan ya karɓi N60,000 ya ci N40,000 na wani, idan kuma ɗan haya ya ƙi ba da komai shi ya ci N20,000 na mai gida.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, don haka kada a ce laifin na 'yan haya ne kaɗai. Aliero ba ta da nisa da Jega, garin da a da albasa da masu ɗorin karaya kawai aka san shi da su. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a can a 2006, masu hali suka yi ta gina ɗakunan haya saboda ɗalibai da ma'aikata, aka kuma fara karɓar wani kuɗi daban bayan na haya, wai ajiya ce saboda gyaran ɓarna, za a mayar in an tashi lafiya. Ɗan ƙanwata ya zauna a irin wannan ɗaki, yana kiwon zomaye biyu a keji a bayan ɗakin. Wata rana ɗaya ya kuɓuce ya ɗan gutsuri gefen ledar ɗaki, wurin bai kai tafin hannu ba. Da ya gama karatu, dillalin gidan ya riƙe kuɗin ajiyar gaba ɗaya saboda wannan 'yar gutsurar, babu lissafi babu rasit, wanda ya shiga bayansa kuma a kan ledar nan ya shimfiɗa katifarsa. Yaro ba shi da shaida, ba shi da takarda, ya haƙura ya bar wa Allah.

Su Turawa da ke kwana da karnuka a ɗaki sun sha irin wannan rigima har suka yi mata doka. A Ingila tun 2007 kuɗin ajiyar ɗan haya dole a sa shi ƙarƙashin wani tsari na kariya da gwamnati ta amince da shi, in an yi saɓani akwai mai raba gardama, a 2019 kuma aka ƙayyade cewa a yawancin gidaje kada ya wuce kuɗin hayar mako 5. Mai raba gardamar yakan duba shekarun kafet ya cire tsufansa kafin ya yanke abin da za a biya, wato dai hukuncin da limamin layinmu ya yanke a zaure.

Yanzu kuwa ni ma na ɗanɗana zama a ɗaya ɓangaren. Da mahaifinmu ya rasu na gaji ɗakuna biyu a Maiyama, na zuba musu leda na ba da haya. Sai a lokacin na fahimci abin da Hajiya ta ji a ƙirjinta, domin wanda ya tara kuɗi da guminsa ya shimfiɗa abu, ko tabo ya gani ji yake kamar a jikinsa ne. Ba na hana kiwo, ai ba a raba Bahaushiya da 'yar akuyarta ko kajinta, su ne bankinta ranar da ciwo ko biki ya taso. Abin da nake yi shi ne, ranar shiga ni da ɗan haya da mutum biyu muke zagaya ɗaki, mu rubuta duk abin da muka gani a takarda biyu, har da shekarar da aka shimfiɗa leda da kuɗinta, mu ɗauki hoto da waya, kowa ya sa hannu. Ina kuma tambaya a fili: akwai dabba? A ina za ta kwana?

Wani ma'aikacin lafiya da ya zauna a wurina, ragon layyarsa ya kwance cikin dare ya shiga falo ya yage leda da kofato. Da zai tashi, shi da kansa ya fito da takardarsa ya ce, "Yaya, ga abin da na lissafa, ki duba ko ya yi." Na duba na ga ya zarce, na mayar masa da rarar. Har yau in ya biyo hanyar Koko yakan tsaya mu gaisa.

Don haka ina kira ga 'yan uwana 'yan haya, dabbar da ka shigo da ita nauyinka ce, kyanwa ba ta da aljihu, daga naka za a cire. Ku kuma masu gidaje ku ji tsoron Allah, ku karɓi daidai abin da kuka rasa, kada ku sabunta ɗaki da kuɗin wanda ya same shi tsoho. Allah ya ba kowa muhallin kansa, ya sa mu rabu da mutane lafiya. Mu haɗu a ci gaban littafinmu in Allah ya kai mu.