Iskar da ke Cikin Shawa

Shawa da taitus da nake saya wurin mai kifin ƙanƙara na unguwarmu daga tekunan arewacin Turai ake kawo da yawansu, Norway na cikin manyan masu sayar mana. Na daɗe ina zaton idan masana can suka ce akwai tan miliyan kaza na shawa a ruwa, ƙidaya suka yi. Ranar da na zauna na karanci yadda ake aikin, sai jikina ya yi sanyi.

Jirgin bincike yakan harba sauti zuwa ƙasan teku, galibi a kilohaz 38, ya saurari amsa-kuwwa, sannan a raba jimillar ƙarfinta da abin da ake tsammanin kifi guda zai mayar. A wannan tsammanin matsalar take. Ba tsoka ko ƙaya ke mayar da sautin ba. Kimanin kashi 90 cikin 100 daga jakar iskar da ke cikin kifin yake fitowa. Wato iska ake aunawa. Ita kuwa shawa ba ta iya ƙara wa jakarta iska a zurfi. Da ta nutsa mita 10, matsi ya ninka, jakar ta tsuke, amsarta ta raunana, alhali kifin bai canza ba. Ko ɗan karkata kai ta yi sama ko ƙasa, amsar ta sauya. Kuskuren desibel 3 kacal ya isa ya ninka adadin ko ya rabe shi biyu.

Taitus ma ba shi da jakar sam, shi ya sa aka daɗe ana ƙiyasta shi da ƙidayar ƙwai, sau ɗaya a shekara uku.

Na'urar kanta akan daidaita ta da wata 'yar ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 38.1 da ake ratayawa ƙarƙashin jirgi, kuma wannan ne mai sauƙin. Kifin da ya kwanta dab da ƙasa yakan ɓace cikin amsar ƙasar, na saman ruwa na'urar ba ta ganinsa, wani kuma ƙarar jirgin ke korarsa tun kafin a iso.

Da irin waɗannan alƙaluma ake yanke wa masunta kason shekara, a tekun da shawarsa ta kusa ƙarewa a ƙarshen shekarun 1960 saboda yawan kamu. Jiya da nake fafe shawa, sai da na tsaya na nemo jakar: siririya ce, mai ƙyallin azurfa, manne da ƙashin baya.