Java, kobo da kuɗin shanun Kawu

1/ A ajinmu nan jami'ar Wudil kullum ƙorafin ɗaya ne: wai Java ta cika taurin kai, komai ka rubuta sai ta ce a'a. Ni ina bayanta, amma ba ɗari bisa ɗari ba. Ku biyo ni.

2/ Mu fara da jeri. Ka ware gurbi 10 na ajiye lambobi, ƙidaya daga 0 take farawa, na ƙarshe shi ne 9. Ka nemi na 10, nan take Java za ta tsayar da manhajar ta ce ka wuce iyaka. Yaren C kuwa ba ruwansa, zai iya leƙa rumbun maƙwabci ya ɗebo maka abin da ya tarar.

3/ Haka aka yi a 2014 da matsalar Heartbleed. OpenSSL da C aka rubuta ta, kuma a wani wuri ba a duba tsawon da mai tambaya ya faɗa ba. Sai saba ta riƙa miƙo har kilobayit 64 na abin da ke ƙwaƙwalwarta a duk tambaya, har da kalmomin sirrin mutane.

4/ Sai canjin nau'i. Daga int zuwa long Java ba ta musu, ƙaramin kwano ne aka juye a babba. Daga double zuwa int kuwa sai ka rubuta da hannunka cewa ka yarda, don 3.9 zai koma 3. Ba 4 ba fa, 3.

5/ Abin ya daina zama karatun jarrabawa a wurina lokacin da Kawuna ya ce in yi masa ɗan abin lissafi a waya. Dillali ne a karar Wudil, duk Juma'a yana can. Kuɗin da ke bi ta hannunsa ba nasa ba ne, amanar masu shanu ce da fatake.

6/ Ban ajiye kuɗin a double ba, don a can 0.1 da 0.2 suna ba da 0.30000000000000004. A kobo na ajiye, cikakkiyar lamba. To ga inda gizo ke saƙar: iyakar int ita ce 2,147,483,647. A kobo, naira miliyan 21 da dubu 474 da 'yan kai ke nan. Jama'a, tirela ɗaya ta shanu mai tafiya Legas ta wuce nan.

7/ Nan muka raba gari da Java. Ita da ke ihu a kan gurbi na 10, in int ta cika ta tumbatsa shiru take yi. Ka ƙara 1 a kan iyakar, sai lambar ta juya ta koma -2,147,483,648. Ba gargaɗi, ba komai.

8/ Ka ƙaddara wayar ta nuna haka a gaban Bafulatanin da ya kawo shanunsa. Ba Java zai kira ɓarawo ba wallahi.

9/ Shi ya sa na sa long, kuma duk tarawa ta bi ta Math.addExact, wadda ke tsayar da aiki in lamba ta wuce iyaka.

10/ Ihun ma kansa sai da mai amsa shi. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse kusan daƙiƙa 40 da tashi. Da Ada aka rubuta manhajarta, yare mai tsauri sosai. An matsa lamba mai bit 64 cikin gurbi mai bit 16 wanda iyakarsa 32,767. An gaji lissafin daga Ariane 4, wadda gudunta bai kai ya cika gurbin ba. Kuskuren ya fito, ba a tanadi abin yi ba, kwamfutar da mataimakiyarta duk suka tsaya.

11/ Don haka tawa in ta ci karo da lambar da ba ta gane ba, ba ta mutuwa. Rubutawa take: "Kawu, a sake duba wannan cinikin."

12/ Da na nuna masa, ya jujjuya wayar ya ce, "Ɗana, madalla." Har yanzu dai littafinsa na cikin aljihun gaba, kuma sai ya gama da biro yake ce min in duba ko wayar ta yi daidai.